Izinin Zuwa Ƙasar da Rana Ba Ta Faɗuwa

Ni malamin yawon buɗe ido ne a garin da ba wanda ke zuwa yawo. Haka nake faɗa idan an tambaye ni aikina, a yi dariya, ni ma in taya, ko da yake na daɗe da daina jin abin dariyar a ciki. A Talata Mafara nake koyarwa, a wata makarantar gaba da sakandare. Ina koya wa samari da 'yan mata yadda ake tarbar baƙo, yadda ake tsara masa hanya, da yadda ake nuna masa wuri ba tare da an lalata wurin ba. Su rubuta, su ci jarrabawa, su fita su buɗe shagon cajin waya.

Lokacin da na shiga karatun digiri na uku, madatsar ruwa ta Bakolori na so in yi bincike a kanta. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, ga masunta, ga tsuntsaye, ga gonakin shinkafa daga ƙasa, kuma tun ina ƙarami nake ganin ya kamata a ce mutane suna zuwa kallonsa. Na tsara takardun tambayoyi, na buga su, na ɗaure su da roba. Kafin in raba ko ashirin hanya ta lalace. 'Yan bindiga suka fara tare mutane tsakanin ƙauyuka, waɗanda zan yi wa tambayoyin wasu suka gudo gari, wasu kuma ba su samu gudowa ba. Takardun suna nan cikin kwali a bayan ƙofa, matata takan zari ɗaya ta hura gawayi da ita, ban taɓa hana ta ba.

Malamin da ke duba aikina a jami'a ya ce in nemi abin da zan iya yi ina zaune a kujera. Ya ce abin da nake son sani game da madatsar, wato ƙafa nawa wuri zai iya ɗauka kafin ya lalace, akwai inda aka yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa, in je in karanta su in tace. Wurin kuwa shi ne ƙasashen ƙanƙara da ke ƙuryoyin duniya biyu, musamman ta kudu, wadda ake kira Antatika. Haka na wayi gari, ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce wadda ake jefa wa zoɓo ba, na zama mai bincike a kanta.

Ƙasa ce da babu gari, babu gona, babu sarki. Masu hali ne ke shiga jirgin ruwa daga ƙarshen Amurka ta Kudu, su yi kwanaki a teku don kawai su taka ta, su ɗauki hoto su dawo. Masu bincike kuma suna bin su suna lura ko zuwan nasu yana ɓata wurin. Akwai dokoki, na kuwa haddace su tsaf. Kafin mutum ya sauka daga jirgi sai ya wanke takalmansa da magani, a zazzage masa aljihu kada ƙwayar ciyawar wata ƙasa ta biyo shi. Ba a sauka gaba ɗaya, sai rukuni-rukuni. Akwai wasu tsuntsaye masu baƙi da fari da ba su tashi, a tsaye suke tafiya suna rangaji, an hana matsawa kusa da su, idan suka tare hanya mutum ne zai tsaya su wuce. Ba a ɗaukar ko tsakuwa, ba a barin ko ledar alewa.

Ina karanta wannan a ofis, fanka a tsaye don babu wuta, gumi yana ɗiga a kan takarda. Abokan aiki suka sa mini suna sarkin ƙanƙara. Wani ya ce idan na gama a kai ni tasha in riƙa duba masu sayar da ruwan sanyi. Ban ji haushi ba. Gaskiyar magana, a shekarun nan ba na jin komai sosai. A farkon rikicin idan aka ce an kashe wane ko an ɗauke wance, sai in kasa cin abinci. Daga baya sai na tarar da kaina ina tambayar wane ƙauye ne, in ce Allah ya ji ƙansu, in ci gaba da shan kokona. Karatun ƙanƙara ya dace da ni, domin wuri ne da babu wanda na sani da zai mutu a cikinsa.

Na rubuta maƙala ɗaya daga abin da na tace, aka buga ta a wata mujallar masana. Bayan 'yan watanni sai ga imel daga wata farfesa, Baturiya, daga wata jami'a a ƙasashen arewa masu sanyi. Ta ce ta karanta. Ta ce ayarin bincikensu yana da gurbin mutum ɗaya a wani jirgin masu yawon buɗe ido da zai tafi kudu a ƙarshen shekara, kuma suna so su ba wanda ya fito daga ƙasa mai zafi, wanda bai taɓa zuwa ba. Aikin ba wuya: in tsaya a bakin gaɓa da littafi, in rubuta yadda baƙi ke bin dokoki da yadda suke karya su. Su za su ɗauki nauyin komai. Abin da suke so daga gare ni shi ne in cika fom, in danna wurin da ke cewa na amince, cikin mako shida, domin akwai biza da gwajin lafiya a gaba, akwai kuma wani a bayana yana jira idan ni ban samu dama ba.

Sau uku na karanta. Rabon da in ji ƙirjina ya buga haka har na manta. Ina son zuwa, ba zan ɓoye ba, ina so ƙwarai.

Amma a gidanmu ba a tafiya mai nisa sai da izinin Malam. Malam mahaifina ne, a Bakura yake, yana karantar da magidanta fikihu a zaurensa tun kafin a haife ni. Lokacin na haura arba'in, ina da 'ya'ya huɗu, amma ko Kaduna zan je taro sai na je na durƙusa na faɗa masa, ya yi addu'a ya ce a sauka lafiya. Bai taɓa hana ni ba. Sai dai abin yana da ƙa'ida: ana tambaya ne kafin a amsa wa mutane. Wanda ya riga ya ce to sannan ya zo, sanarwa ya kawo, kuma Malam yana ganewa tun daga yadda mutum ya yi sallama.

Ga kuma wani abu. Ni ne ɗansa na fari. A wajenmu uba ba ya sakewa da ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya hira da shi, idan an yabe shi a gabansa sai ya kau da kai. Ƙannena suna shiga su zauna kusa da shi, autarmu har gardama take yi da shi a kan shan magani. Ni kuwa tsakanina da shi gaisuwa ce da abin da ya kawo ni, a taƙaice, kaina a ƙasa. A da idan magana ta yi nauyi ƙanensa nake gaya wa ya kai masa, to shi kuma Allah ya yi masa rasuwa shekara guda kafin wannan.

Na je ranar Asabar bayan la'asar, lokacin da masu karatu suka watse. Damina ce, gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin hanya, waɗanda aka samu nomawa. Na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofar zaure.

"Allah shi gafarta Malam. Ina wuni?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya iyali? Ya yaran? Ya ruwa wajenku?"

"Lahiya lau, ruwa ya yi gyara."

"Madalla. Ya hanya?"

"Da sauƙi, Allah shi gafarta."

Sai da muka zagaya gaisuwar sau biyu, ya tambayi surukaina, sannan ya yi shiru, alamar in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa, idona a kan tabarma. Ya tambayi kwana nawa, na ce kamar mako uku. Ya tambaya ko akwai yaƙi can, na ce babu ko mutane. Na ga ya fara ɗaga hannu zai yi addu'a. Sai bakina ya ƙara abin da ba a tambaye ni ba, ina jin don in burge shi ne. Na ce a lokacin da za mu je rana kusan ba ta faɗuwa a can, idan ma ta faɗi jan shafaƙi ba ya ɓacewa har ta sake fitowa.

Hannun ya koma kan gwiwa.

"Kac ce mi?"

Na maimaita.

"To da mi za ka sanin magariba? Lisha hwa?"

"Agogo nika tunanin bi, Allah shi gafarta."

"Agogon wa?"



"Bari in duba," in ji shi.

Ranar da za a rufe tana kan harshena. Na san kwanakin da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Amma in ce wa Malam zuwa rana kaza, kamar na ba tela ɗinki? Ɗalibinsa ma ba ya yi, balle ni. Na ce a raina kwana biyu ne ko uku zai duba ya aiko. Na yi sallama na kama hanyar Mafara da sauran rana, don ba a bin hanyar idan yamma ta yi.

A makon da ya biyo baya aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, wai don a matse 'yan bindiga. Waya ta koma tocila. Ba mai kiran wani, sai dai ka taka ka je. Na ci gaba da zuwa Bakura duk Asabar.

A zuwana na biyu na tarar da littattafai a buɗe kewaye da buzunsa, wasu ma ban taɓa ganin an sauko da su daga kan kanta ba. Bayan gaisuwa bai yi shirun da ya saba ba.

"Inuwa hwa? In rana ba ta hwaɗuwa, inuwar mutum tana tsawo tana gajarcewa, ko tsaye take?"

Na ce tana yi, don ranar tana yin ƙasa tana yin sama, zagaye take yi a gefen sararin samaniya. Ya rubuta a gefen wata takarda.

"Gari na ƙarshe da kuka barowa, inda dare ka yi sosai, kwana nawa tsakaninai da wurin ga?"

Na ce kwana biyu ko uku a teku. Ya rubuta. Ya tambayi ruwan alwala, ko na teku ne ko ƙanƙara ake narkarwa. Ya tambaya ko akwai ƙasa ko dutse a fili idan taimama ta kama. Ya tambayi jirgin, ko yana tsayawa wuri ɗaya ko yana juyawa, saboda alƙibla. Wanda na sani na amsa, wanda ban sani ba na ce zan duba, ya ce to duba da kyau.

Zan faɗi wani abu a nan da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tunda aka haife ni Malam bai taɓa tambayata wani abu don yana son sani ba, sai wannan karon. Karatun bokon da na yi shekara da shekaru bai taɓa shiga zauren nan ba. Yanzu ga shi yana jingine yana kallon bakina, har sau ɗaya ya ce in matso ba ya ji sosai, na matsa har gefen buzu. Kunya ce ta hana ni faɗin ranar, haka nake gaya wa kaina, kuma gaskiya ne. Amma akwai daɗin da nake ji a zaman nan, ban so ya ƙare ba.

A zuwana na uku ya ce ya samu abin da ya samu, sai dai shi ba ya yanke hukunci a kan sabon abu shi kaɗai. Yana da abokin karatu a Maradun, wanda suka zauna gaban malami ɗaya a Sakkwato suna samari, duk mas'alar da ta yi masa nauyi sai ya ji ta bakinsa. Ya rubuta masa takarda da tawada, shafi biyu. Wanda ya saba kai masa saƙo wani mai sayen gero ne da ke cin kasuwar Maradun, to babu kasuwa. Na ce ko ni in kai. Ya ce a'a, hanyar ba ta da kyau, bai yarda ba. Takardar ta yi kwanaki a ƙarƙashin buzu, sai da aka samu wani dattijo da zai je ta'aziyya can, aka ba shi.

Matata ce kaɗai ta san ranar. Wata safiya tana tankaɗe a tsakar gida, ina shirin fita, ta tare ni da maganar.

"Maigida, kai dai danna abin ga. In Malam ya gama sai ka ce yanzu ka amsa. Wa za shi hwaɗa mai?"

"Ni na sani ai."

"To hwaɗa mai ranar mana. Baki gare ka."

"Ba a yi ma Malam haka."

"To aiki autarku, ita ba ta jin kunyatai."

Autar tana aure a Gusau, babu waya, kuma ko da akwai, in tura ƙanwata ta je ta sa wa mahaifinmu rana a madadina, wannan ya fi in faɗa da kaina muni. Na gaya mata haka.

"Mutum da digiri har za shi na uku, ya kasa hwaɗin kwanan wata," ta ce, ta yi dariya kaɗan, ta ga ban yi ba, ta koma kan rariyarta.

Don in duba imel sai in shiga mota in tsallaka iyakar jihar Sakkwato. Akwai wani wuri a bakin titi, ƙarƙashin wasu itatuwan dogon yaro, inda sabis ke kamawa. Kullum cike yake da mutanenmu, kowa ya ɗaga waya sama yana juyawa, wannan yana gaya wa ɗansa na Legas suna nan da rai, waccan tana kuka tana ba da labarin wanda aka binne tun makon jiya. Ni kuma ina tsaye a tsakiyarsu ina karanta saƙon farfesa, tana tuna mini saura kwana goma, tana tambaya ko akwai matsala. Na yi ta rubutawa ina gogewa. Ta yaya zan bayyana wa matar da ke ƙasar da ɗa ke kiran ubansa a waya ya ce gobe zan tafi? Na rubuta cewa akwai wata magana ta iyali, a ƙara mini mako guda. Washegari na sake komawa, na tarar ta ƙara, ta ce daga nan kuma ba ta da iko, masu jirgin ne ke da shi.

Asabar ta ƙarshe kafin a rufe na tafi Bakura da niyyar faɗa. A mota na yi ta shirya kalmomin, na samu masu laushi, waɗanda ba su yi kama da umarni ba. Na tarar da shi cikin fara'a irin tasa, wadda sai wanda ya san shi zai gane.

"Takarda ta isa Maradun," ya ce. "Wanda yak kai ta ya dawo, yac ce malamin na dubawa. Kak ka ga an daɗe. Abin ga salla ta, ba a yi mata gaggawa."

"Haka na, Allah shi gafarta Malam," na ce.

Shi ke nan abin da na faɗa. Muka yi maganar alƙibla, na tashi na sa takalmina.

Ranar da aka rufe ina tsaron jarrabawa. Ɗalibai suna rubutu a kan yadda ake gyara ɗakin baƙo, ni ina zagayawa tsakanin kujeru. Na dubi agogon bango da azahar, na sake dubawa da la'asar. Ina jira in ji wani abu, baƙin ciki ko haushi, ban ji ba. Na karɓi takardu na ƙirga su na kai ofis. Bayan kwana biyu na je ƙarƙashin dogon yaro, na tarar da saƙo mai ladabi, an ba wanda ke bayana gurbin, tana yi mini fatan alheri. Na sayi rake a wajen wani mai baro, na sha a mota a hanyar dawowa.

Ban gaya wa Malam ba. Asabar ta zo na je kamar kullum, ya tambaye ni lokacin fitowar alfijir a garin nan na ƙarshe da jirgin ke tashi, na ba shi, don na riga na rubuto masa tun zuwana na baya wurin sabis. Ya karɓa ya yi ta lissafi da yatsunsa.

Kwana tara bayan an rufe, wani direba da ke jigila tsakanin Bakura da Mafara ya tsaya a ƙofar makarantarmu ya ce Malam yana nemana. Bai taɓa aikowa a kira ni ba. Na je da hantsi, ban jira Asabar ba. Zauren da mutane, magidanta biyar ko shida suna zaune da littattafansu suna jiran layi. Na durƙusa a bakin ƙofa zan jira su gama, ya yi mini alama da hannu in shigo.

Ya ɗaga buzu ya ciro takarda, shafi huɗu, an ɗinke gefenta da zare. Rubutunsa ne, mai kyau, wanda yake yi idan abu zai daɗe. Ya karanta mini a gaban mutane. Ya kawo hujja cewa inda dare da rana suka fita daga yadda aka saba, ƙaddara lokaci ake yi, wato a kintata shi, ba a barin salla. Ya ce in bi lokutan gari mafi kusa da rana ke faɗuwa sosai, ya kawo abin da abokinsa na Maradun ya ƙara da inda suka ɗan saɓa. A shafi na ƙarshe ya ja layuka ya rubuta lokutan salloli biyar, da yadda zan yi ƙasaru, da abin da zan yi idan jirgi ya juya ina cikin salla. Ɗaliban suna ta gyaɗa kai, wani ya ce Allah ya ƙara wa Malam lafiya, shi bai taɓa jin akwai irin wannan ƙasa ba.

Sannan ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa mini tsari a kan tudu da kan ruwa, aka shafa.

"Na sallame ka. Allah shi kai ka lahiya shi maido ka lahiya." Ya miƙo takardar, na karɓa da hannu biyu. "Yaushe za a tashi?"

Da ni kaɗai ne da shi, ina jin da na yi ƙarya na ce an ɗaga tafiyar. Ban san me ya sa ba, a gaban mutanen nan sai gaskiya ta fito.

"Sun ruhe, Allah shi gafarta Malam. An ba wani."

"Yaushe?"

"Kwana tara ke nan."

Ba wanda ya motsa a zauren. Malam ya dube ni, kai tsaye, abin da ba ya yi.

"Da ranar ruhewa gare shi?"

"Da ita."

"Tun randa kaz zo ka san da ita?"

"Na sani."

Da ya yi magana muryarsa a ƙasa take, kamar shi da kansa yake yi wa.

"Amsar ga tun ran nan nis san ta. Ƙaddara lokaci a kai, ko ɗaliban ga sun sani. Da ka hwaɗi, da nan take na sallame ka." Ya dubi takardar da ke hannuna. "Na ga za ka cikin mutanen da ba su san mu ba. Ban so in sallame ka da baki ba kamar mai zuwa kasuwar Damri. Na so ka tahi da abin da in an tambaye ka, ka nuna."

Ina durƙushe da takardar, ina kallon ɗinkin zaren, na lura da hannunsa ya yi shi don bai miƙe sosai ba.

"Allah shi sa haka ta hi alheri," ya ce.

Aka ce amin. Ya juya wajen ɗalibin da ke kan layi, wani dattijo mai sayar da taki, ya ce masa karanta. Mutumin ya buɗe littafi ya karanta layi biyu ya tsaya, yana jiran fassara. Littafin nan Malam ya fi shekara arba'in yana karantar da shi, ba ya ko duba shafi. Fassara ba ta zo ba, har dattijon ya ɗago kai.

"Sake karantawa," in ji Malam. "Ban ji inda kat tsaya ba."